Kada ka yi cinikin biri a sama: wuraren yawon buɗe ido da sunansu ya fi su girma

Tsawon zanen Mona Lisa santimita 77 ne, faɗinsa 53. Ka ware hannuwanka ka gwada, za ka ga bai kai ƙaramar taga ba. Ranar da na shiga ɗakin da aka rataye shi a gidan tarihi na Louvre da ke Faris, ƙeyoyin mutane na fara gani da wayoyi a sama. Layi ya lanƙwasa tsakanin igiyoyi, zanen yana can nesa a bayan gilashin da harsashi ba ya hudawa, ga hasken fitilu yana wasa a jikin gilashin. Da muka kai gaba, kafin ido ya zauna a kan fuskar, ma'aikaci ya nuna mana hanyar fita. Ƙanwata da muke tare ta taɓa ni ta ce, "Yaya, wai shi ke nan?" Na rasa amsar da zan ba ta, domin ni na matsa a fara da nan.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan magana da zafi shi ne na san yadda ake haɗa irin wannan tafiya. Mutum ya yi shekaru yana tari, ya sha wahalar neman biza, ya roƙi hutun kwana bakwai ko goma, sannan ya je ya ƙarar da mafi kyawun safiyarsa a tsaye a layi saboda wani abu da kowa ya ce masa dole ya gani. Kuɗi ana sake nemansu, amma kwanakin nan in sun tafi sun tafi. Don haka kafin ka sayi tikiti, ka yi wa wurin tambayar da ake yi wa kowace haja: me ya sa ya yi suna? Girmansa ne, ko labarin da aka ɗora masa, ko kuwa wani hoto guda da ya zagaya duniya? A iya abin da na gani, wurin da girma ya ɗaukaka ba ya cika ba mutum kunya. Wanda labari ko hoto ya ɗaukaka, shi ne ake dawowa daga gare shi jiki a sanyaye.

Mona Lisa tana cikin kaso na biyu. Leonardo da Vinci, wanda ya zana ta, gwani ne, ba mai musun wannan, amma sunan da zanen ya yi a wajen talakawan duniya ya ƙaru ne sosai bayan wani ɗan Italiya mai suna Vincenzo Peruggia ya sace shi a 1911, jaridu suka yi ta yayatawa har aka same shi a Fulorans a 1913. Abin takaicin, a ɗakin nan dai, in ka juya baya, akwai zanen Paolo Veronese na bikin auren Kana, wanda ya fi kowane zane girma a gidan: faɗinsa ya kusa mita 10, tsawonsa ya kusa 7, da mutane fiye da ɗari a ciki. Kusan kowa ya juya masa ƙeya. Louvre ta karɓi baƙi kimanin miliyan 8.7 a 2024, kuma mafi yawansu ɗaki ɗaya suke nufa. In kana da rabin yini, zaɓinka biyu ne: ka bi ayarin, ko ka leƙa daga nesa ka wuce sashen Masar da na Mesofotamiya, inda gumakan manyan bijimai masu fukafukai na fadar Assuriyawa suke tsaye, ka zagaya su a natse. Ni na biyun zan sake zaɓa. Ka kuma tuna ba a buɗe gidan ran Talata.

Akwai ƙananan da ba sai an daɗe a kansu ba. Gunkin yaro mai fitsari na birnin Burasel a Beljiyam kimanin santimita 60 ne, kuma wanda yake bakin titi kwafi ne, na asalin yana gidan tarihin birnin. Gunkin yarinya mai jelar kifi da ke bakin ruwa a Kofanhegan, babban birnin Denmark, wanda aka kafa a 1913, mita 1.25 ne. In hanya ta bi da kai, ka tsaya minti biyar. Kada ka tsara yininka a kansu. Hasumiyar Fisa da ke Italiya ta ɗan fi su: an fara gina ta a 1173, tsawonta kimanin mita 56, ta karkace da kusan digiri 4, kuma filin da take ciki da babbar majami'a da ke gefenta suna da kyau ƙwarai. Amma aikin awa biyu ne. Wanda ya kwana biyu a Fisa saboda ita, gara ya hau jirgin ƙasa na rabin awa zuwa Lucca, ya yi tafiya a kan ganuwarta mai kimanin kilomita 4 da ta kewaye tsohon gari.

Masar ce wurin da ya fi buƙatar a zauna a yi lissafi, domin a nan abin bai yi ƙarya ba, yadda ake sayar da shi ne matsala. Babbar dalar Fir'auna Khufu a Giza ta kai mita 146 lokacin da aka gama ta, yau tana wajen 138, kuma ta haura shekara 4,500 a tsaye. Ka tsaya a gindinta, dutse ɗaya na jerin ƙasa ya kusa kai maka kafaɗa, sai ka ji bakinka ya mutu. Wannan ba abin da hoto zai ba ka ba ne. Abin da hoton ya ɓoye kuwa shi ne birni ya zo har bakin wurin. Masu ɗaukar hoto suna juya wa gidaje da tituna baya su fuskanci sahara, sai ka ɗauka tafiyar kwana za a yi a kan raƙumi kafin a isa. Sannan ga masu talla. Wani mai raƙumi ya ce mini in hau kawai a ɗauke ni hoto, muka yi ciniki, na hau, raƙumi ya miƙe. Da na ce a sauke ni sai ya ce ai kuɗin hawa muka yi, na sauka daban. Daga can sama ba ka da bakin ciniki. Ka gama magana a ƙasa, hawa da sauka da tsawon lokaci, kuma kada ka karɓi abin da aka miƙo maka da sunan kyauta.

Shiga cikin dalar Khufu tikitinsa daban ne, kuma a nan mutane da yawa suke cizon yatsa. Za ka duƙa ka hau wani siririn lungu cikin zafi da numfashin jama'a, ka bi doguwar baranda mai tsayi, ka ƙare a ɗaki na dutse wanda babu rubutu babu zane a bangonsa, sai akwatin gawa na dutse da babu komai a ciki. Mai son gine-gine zai ji daɗi. Mai tsammanin zinariya da zane-zanen launi zai fito da gumi kawai.

Ka kwatanta da Dahshur, kimanin kilomita 40 kudu da Alƙahira. A nan Sneferu, mahaifin Khufu, ya gina Jar Dala mai tsawon mita 105, da kuma Karkatacciyar Dala wadda magina suka sauya mata kusurwa a tsakiyar aiki, har yau kana ganin inda ta lanƙwashe. Ranar da na je, motocin da ke wurin ba su kai in rasa ƙirga su da yatsu ba. Ƙofar Jar Dala tana can sama a jikinta. Ka hau matakala, sannan ka gangara da baya ta wani rami na kimanin mita 60 wanda ba a miƙewa a cikinsa, cinyoyi suna rawa, wani wari mai kaifi yana dukan hanci. Sai kawai rufi ya buɗe sama, duwatsu suna matsowa jeri bayan jeri har su haɗu a can ƙololuwa, kuma kai kaɗai ne da sautin numfashinka. A hanyar dawowa ga Sakkara, inda dalar Djoser mai matakala take, wadda ta girmi na Giza, da dalar Unas mai rubuce-rubuce a bango da taurari a rufi. Shawarata: Giza da sassafe na awa biyu, a waje kawai, sauran yinin a ba Sakkara da Dahshur.

Irin wannan lissafi ya shafi wasu wurare biyu. A Stonehenge, tsohuwar da'irar manyan duwatsu da ke Ingila, tun 1978 baƙo na yau da kullum ba ya shiga tsakanin duwatsun, daga bayan igiya ake zagayawa. Ƙasa da awa guda a mota akwai Avebury, da'irar duwatsu da ta fi ta faɗi nesa ba kusa ba, har ƙauye ne a cikinta, kuma kana iya dafa dutsen da hannunka. Stonehenge ta fi tsari da kwarjini, wannan gaskiya ne. Avebury ta fi barin mutum ya zauna. A babbar ganuwar ƙasar Sin kuma, sashen Badaling ne ayari suka fi nufa daga Bejin, cunkoson ya kai har a 2019 aka ƙayyade mutum 65,000 a rana. Mutianyu tana da keken igiya mai kai mutum sama, jama'a kuma sun fi sauƙi, ta dace da mai yara ko tsofaffi. Jinshanling ta fi nisa, ta fi wahalar ƙafa, amma a nan za ka ga ganuwar tana bin ƙololuwar duwatsu har ido ya gaza.

Dogayen hasumiyoyi suna da wani aibi da ba a cika faɗa ba: in ka hau, abin da ka zo gani ya ɓace, domin kana kansa. Daga saman Hasumiyar Eiffel mai mita 330 za ka ga Faris babu Eiffel. Daga rufin Arc de Triomphe kuwa, babbar ƙofar tunawa da nasara da ke Faris, za ka gan ta tsaye, ga tituna goma sha biyu sun bazu daga ƙarƙashin ƙafarka. Burj Khalifa ta Dubai, mai mita 828, wadda aka buɗe a 2010, ba ƙololuwarta ake kai baƙi ba; tikitin da aka fi saya yana tsayawa ne a hawa na 124 da 125, kuma lokacin faɗuwar rana ya fi tsada. Ranar da hazo ya rufe gari, farin allo za ka biya ka kalla. In za ka hau, kada ka sayi tikiti tun da saura wata guda ba ka san yanayin ranar ba, sai in lokacin cunkoso ne da ba makawa.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne wurin da hoton kansa shiri ne. A haikalin Lempuyang da ke tsibirin Bali a Indonesiya akwai wata ƙofa mai ginshiƙai biyu, dutsen Agung yana bayanta, kuma a hotunan intanet za ka ga kamar tafki ne kwance a gabanta yana nuna hoton ƙofar a ruwa. Babu tafki. Madubi ne mai ɗaukar hoto yake sawa a ƙarƙashin idon wayar. Ana karɓar lamba a jira, wani lokaci awanni, don tsayuwar 'yan daƙiƙoƙi. Wurin ibadar mutane ne mai daraja a wajensu, kuma ya cancanci a ziyarce shi a kan haka, ba a mayar da shi bangon ɗaukar hoto ba.

Gano irin wannan tun daga gida ba shi da wuya. Ka nemi tsawo da faɗin abin a rubuce. Ka buɗe taswirar tauraron ɗan'adam ka ga abin da ke kewaye da shi. Ka kalli bidiyon da wani matafiyi ya ɗauka da tsakar rana yana tafiya, ba wanda aka tace ba. A sharhin mutane kuma ka tsallake masu tauraro biyar da masu ɗaya, ka karanta masu uku, su ne suka fi faɗin abin da ya faru. In kamfanin shirya tafiya ya ce zai kai ka birane biyar a kwana bakwai, ka tambayi awa nawa za a yi a mota, awa nawa a ƙasa, da ko akwai tsayawa a shagunan da ba ka nema ba. Na taɓa bin irin wannan ayari, aka ba mu minti arba'in a wurin da muka zo dominsa, aka ba mu awa ɗaya da rabi a shagon turare.

Kada kuma wannan ya sa ka guji duk abin da ya yi suna. Taj Mahal a Agra ta Indiya, wanda Sarki Shah Jahan ya fara ginawa a 1632 don matarsa Mumtaz Mahal, ya fi hotonsa; sai ka matsa kusa za ka ga furannin da ke jikin farin marmaran duwatsu ne masu launi aka yanka aka dasa ɗaya bayan ɗaya. Abin lura kawai, ba a buɗe wa masu yawon buɗe ido ran Juma'a, kuma a Disamba da Janairu hazon safe yana iya rufe shi ruf.

Benis ma, birnin Italiya da aka gina a kan ruwa, haka take, kuma ita ce aka fi zalunta da kalmar "ba ta kai yadda ake faɗa ba". Masu faɗin haka galibi baƙin yini ɗaya ne: sun sauka da hantsi, sun bi sahun dubbai daga tashar jirgi zuwa gadar Rialto zuwa dandalin San Marco, sun koma da la'asar. Mazauna tsohon garin sun ragu zuwa ƙasa da 50,000, matsin ya sa aka hana manyan jiragen ruwa ratsa tsakiyar birnin a 2021, aka kuma fara karɓar yuro 5 daga baƙin yini a wasu ranaku a 2024, ban da masu kwana. Masauki a ciki ya fi na waje tsada, amma in za ka rage birni ɗaya daga jerinka don ka kwana biyu a nan, ka rage. Bayan magariba ayari sun watse. Ka nufi unguwar Cannaregio ko Castello, inda ake shanya tufafi a igiya tsakanin gida da gida, babu ƙarar mota ko ɗaya domin babu titin mota, sai ruwa yana dukan gindin bango da takun wani mai komawa gida a kan gada.