Babur ɗin Boxer a Hannun Magidanci Mai Ƙananan Yara

Duk wanda ya san hanyoyin da suka ratsa ƙauyukan Ringim da Taura ya san cewa babu abin hawan da ya kai Boxer yawa a cikinsu, kusan kowa shi yake hawa, tun daga malamin firamare da ma'aikacin ƙaramin asibiti, har zuwa ɗan acaɓa da manomin da ke kai buhun riɗi kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Kamfanin Bajaj na ƙasar Indiya ne yake ƙera shi, kuma ƙaramin samfurinsa mai inji cc 100, wanda nake hawa tun kafin in yi aure, shi ne wannan sharhi ya shafa. Yawancin yabon da ake yi wa wannan babur daga bakin samari da 'yan acaɓa yake fitowa, alhali kuwa mutumin da yake da mata da ƙananan yara yana auna abin hawa da wani mudu daban, kuma da wannan mudun ne zan auna shi a nan.

Adalci shi ne a fara da abin da ya iya, domin ya iya da yawa. Injinsa mai silinda ɗaya ne, iska ce take sanyaya shi, giyarsa huɗu, kuma babu wani abu a jikinsa da zai gagari bakanikan da ke zaune a gindin dalbejiya da sufana da guduma. Ba babur ne na gudu ba, amma yana da ƙarfin ja a giya ta ɗaya da ta biyu, wanda shi ne abin da ake nema a ƙasa irin tamu mai yashi, inda babura masu ƙananan tayoyi suke nutsewa har sai mai su ya sauka ya tura. Ya karɓi aikin da jaki yake yi a da, na taki da itace da jarkokin ruwa, ya kuma ƙara da wanda jaki bai taɓa yi ba. Idan mutum yana yi masa juyen baƙin mai a kan kari, yana wanke matacin iska a lokacin hunturu da ƙura ta yi yawa, yana kuma duba sarƙa, to zai daɗe bai buɗe inji ba. Kayan gyaransa ana samun su a kowace kasuwar mako, sai dai jabu ya yi yawa a cikinsu, musamman takalmin birki da fulogi, don haka gara mutum ya tafi da bakanikensa idan zai saya.

Shan mansa kaɗan ne, kuma wannan ya zama babbar magana tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta tsallake naira 1,000 a shekarar 2024. Faɗuwar darajar naira kuma ta kai kuɗin sabon Boxer sama da miliyan ɗaya, abin da ya sa wanda yake da tsoho mai lafiya ya riƙe kayansa da kyau. Ta fuskar aljihu dai, ban ga abin da zai ture shi a karkara ba.

Inda lissafina ya canza shi ne bayan an yi mana haihuwar fari. A da ina cikin masu son babur don kansa, ba don inda zai kai ni ba kawai. Nakan wanke shi da yamma ko da bai yi datti ba, kuma idan Alhamis ta faɗo cikin hutun makaranta nakan bi abokai zuwa kasuwar Maigatari ba tare da ina da abin saye ko na sayarwa ba, don dai a hau kwalta a murɗa totur a ji iska. Ban yi hatsari ba, ban kuma ga wani mugun abu da ya firgita ni ba. Abin da ya faru shi ne idona ya fara ganin abubuwan da a da yake tsallakewa: akuyar da ke tsaye a gefen hanya tana shawarar tsallakawa, yashin da ya taru a kwana, babbar motar da ke tahowa da fitila ɗaya bayan magariba, da yaron da ya fito daga lungu a guje yana bin taya. Duk waɗannan suna nan tun da can, amma a wancan lokacin idan na tuna faɗuwa, ƙafata kawai nake tunawa, yanzu kuwa sai in tuna wanda zai auno hatsi a gidan idan na kwanta wata uku a asibitin ƙashi na Dala. Daga nan daɗin ya fara raguwa, har hawan ya koma aiki kamar sauran ayyuka, a je a dawo a jingine shi a zaure. Abokai sun yi ta zolaya cewa angon ƙarni ya koma tuƙin tsofaffi, kuma ban musa musu ba.

Babbar siffar da ake tallata Boxer da ita ita ce doguwar kujerarsa shimfiɗaɗɗiya da ƙarfen ɗaukar kaya na baya, kuma a ganina ita ce ta fi jawo wa mai iyali matsala. Wurin zama ne na mutum biyu, amma saboda yana da tsawo, sai ya zama maigida yana tuƙi, uwargida tana baya da goyo, babban yaro an cusa shi a tsakaninsu, ƙaramin kuma an ɗora shi a kan tanki. Babur ɗin zai ɗauka, ba zai yi gardama ba, wanda hakan ne yake sa mutane su ɗauka cewa ya dace. Nauyin da ya taru a baya yana sa tayar gaba ta yi sakayau, ta yadda da an shiga yashi sai kan babur ya fara rawa, kuma tazarar da ake buƙata kafin a tsaya cak takan ƙaru ba tare da mai tuƙi ya lura ba.

Zaman kan tanki shi ne abin da na fi so iyaye su dube shi da kyau. Yaro ɗan shekara biyu ko uku yana son wurin, yana riƙe ƙarfen madubi da hannu biyu yana dariya, yana jin shi ne direba. Amma ƙarar inji da girgizar hanya suna saukar da barci, kuma kafin a yi nisa sai ka ji hannuwansa sun saki, kansa ya fara rinjaya gefe guda, ya zo ya jingina a damtsenka, ta yadda dole ka tallafe shi da gwiwar hannun da kake murɗa totur kake kuma kama birki da shi. Ƙafafunsa ba su kai matakala ba, suna lilo ne a kusa da kan inji mai zafi, kuma silifas ɗin robansa sau da yawa a hanya ake barin ɗaya. Idan aka taka birki da ƙarfi, shi ne farkon wanda zai yi gaba, ba kuma abin da ya tare shi sai mita da fitila. Tun ranar da na fahimci cewa ina tuƙi da hannu ɗaya da rabi, na daina ɗora yaro a wurin, ko da kuwa zai yi kuka har maƙwabta su leƙo.

Akwai kuma salansa da tayar baya. Salansar tana gefen dama, tana yin zafin da zai sale fata nan take, kuma da wuya ka shiga ajin firamare a yankinmu ba ka sami yaron da ke da tabonta a ƙwauri ba, yawanci a wurin sauka ake samun sa. Tayar baya kuwa mai wayoyi ce, kuma dogon hijabi ko bakin zanin goyo idan ya sauko, iska tana iya tura shi cikinta ta naɗe, ta fizgo mace da jaririn da ke bayanta. A Indiya, inda ake ƙera babur ɗin, doka ta wajabta a sa ƙarfen kariya a gefen tayar baya saboda doguwar suturar matansu, kuma a shekarar 2022 gwamnatin ƙasar ta fitar da ƙa'idar cewa yaro daga wata tara zuwa shekara huɗu ba za a ɗauke shi a babur ba sai da hular kwano da ɗamarar da za ta haɗa shi da jikin mai tuƙi, sannan kada gudu ya wuce kilomita 40 a awa. Mu da matanmu suke sa suturar da ta kai tasu tsawo, ba mu mayar da hankali kan wannan ƙarfe ba. Mai walda ya yi mini irinsa da guntun rodi da raga a kan kuɗi kaɗan, kuma yana aiki. Marfin sarƙa ma, wanda wasu bakanikai suke cirewa su ƙi mayarwa saboda ƙiwar ɗaure kusoshi, ya kamata mai babur ya tsaya a kai sai an mayar.

Birkin wannan samfuri na cikin ganga ne gaba da baya, irin wanda yake da sauƙin gyara da arha, amma kamunsa yana raguwa idan ruwa ya shige shi, abin da ba a rasa shi da damina a ƙasar da kogin Haɗeja yake malala. Bayan an ratsa ruwa sai a yi ɗan tafiya a hankali ana dafa birkin har ya bushe. Lokacin da na kai shi a sauya takalmin birki tun bai gama cinyewa ba, bakanikena ya juya tsohon a hannunsa ya ce, "Malam, ai wannan zai ƙara kai ka kaka." Na ce masa ya sauya kawai. Mutanenmu sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma gaskiya ne, sai dai ban taɓa jin malamin da ya ce wannan magana ta ɗauke wa mutum ɗaure birki ba.

Maganar hular kwano ta fi ban takaici. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa ta a ranar 1 ga Janairu, 2009, kuma waɗanda suka yi wayo a lokacin suna tuna yadda wasu 'yan acaɓa a Kano suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai. An yi dariya, dokar kuma ta yi sanyi, a ƙauye ma dai ba ta taɓa zama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Ni yanzu ina sa tawa duk da zafi da kallon da ake yi mini, amma ta yara ƙanana ban taɓa cin karo da ita a kasuwannin da nake zuwa ba, kuma ta manya idan aka kifa wa yaro, nauyinta ya fi ƙarfin wuyansa.

Mai karatu da ke birni zai iya cewa to a daina ɗaukar iyali a babur mana. A cikin Kano hakan mai yiwuwa ne, domin tun watan Janairun 2013 da gwamnatin jihar ta hana goyo a babur bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, Adaidaita Sahu ya cike gurbin, yana kai mace da 'ya'yanta har ƙofar gida. A ƙauyen da ke nesa da kwalta, mai ƙafa uku ba ya son yashi, mota kuma sai ranar kasuwa. Awon ciki yana nan, rigakafin jariri yana nan a mako na 6 da na 10 da na 14, sannan na ƙyanda a wata na 9, ga zazzaɓin dare da ba ya jiran gari ya waye, ga naƙuda. A duk waɗannan Boxer ne yake fitar da mu kunya, kuma zai zama rashin godiya in ce ba haka ba. Abin da na tsara wa kaina shi ne, idan tafiyar ta asibiti ce, uwar yara da jariri kawai nake ɗauka, sauran su zauna wurin kakarsu. Takan tattare hijabinta a cinya kafin in tayar, ba na wuce giya ta uku a kan burji, kuma idan za mu hau babban titi sai mu ajiye babur a bakin hanya wurin mai faci mu shiga mota. Ziyarar biki da suna da ba ta zama dole ba, sai a jira ranar da mota take shigowa.

Ga manomi, ko malamin da makarantarsa take wani ƙauye, ko matashin da yake neman abin da zai riƙe kansa da shi, ina ba da shawarar Boxer ba tare da wani jinkiri ba, kuma idan sabo ya fi ƙarfin mutum, na hannu mai takardu cikakku wanda ba a taɓa buɗe injinsa ba ya wadatar, muddin an tabbatar da lambar inji da ta jiki sun yi daidai da na rasit saboda yawan satar babura. Ga wanda kuwa yake shirin sayensa da niyyar ya zama motar gida, ya riƙa kwasar mata da yara uku a kai, ban ba shi wannan shawara ba, domin ba don haka aka ƙera shi ba. Idan kuma ba shi da wata hanya, kamar yadda yawancinmu ba mu da ita, to ya ware kuɗin ƙarfen kariyar taya da hular kwano mai kyau da sabon takalmin birki tun a cikin kuɗin sayen, kafin ya kai ga sitika da fitilu masu launi da samari suke fara kashe kuɗi a kansu.