Sabuwar kwamfuta da manhajar share rajista: a saya, a sauke ta kyauta, ko a ƙyale?

Ka sayo kwamfuta sabuwa fil, ko ledar jikinta ba ka gama ɓarewa ba, sai ga talla a intanet tana cewa ka sauke wata manhaja ta duba maka lafiyar rajista. Ka sauke, ta yi ɗan juye-juyenta na minti guda, sannan ta watso maka jan rubutu wai ta gano ɗaruruwan kurakurai. Kaɗan za ta gyara kyauta, sauran sai ka biya. Dakata tukuna da katin bankin nan.

Rajista wani kundi ne da Windows ke adana saituna a ciki: wace manhaja ce ke buɗe wane fayil, wace firinta aka jona, wa ke da izinin taɓa me. Ta fara ne da Windows 3.1 a 1992. Idan ka cire manhaja, takan bar 'yan layuka a kundin, kuma yawanci su ne ake kira "kurakurai". Sai dai layukan rajista sun kai dubban ɗaruruwa, kuma Windows ba ya bin su ɗaya bayan ɗaya, kai tsaye yake zuwa wurin da yake nema. Goge ɗari biyu ko uku daga ciki kamar ɗiban ruwan kogi ne da cokali. To balle kwamfutar da ba a cire komai daga cikinta ba tukuna, wace dauɗa ta tara?

Ta kuɗi ita ce mafi rashin amfani a zaɓin da ke gabanka. Da tsoratarwa ake sayar da ita, abin har ya kai tun 1 ga Maris 2018 Windows Defender, shirin tsaron da ke zuwa cikin Windows, ke ɗaukar manhajojin da ke razana mutum don ya biya a matsayin waɗanda ba a so, yana cire su. Da yawansu kuma biyan shekara-shekara ne, mai sabunta kansa.

Ta kyauta fa? Nan aka fi ruɗuwa, don ana ganin tunda ba a biya ba, babu asara. Akwai. Manhajar hasashe take yi, ba ta da tabbacin cewa layin da ta ga kamar maraya ba mai buƙatarsa. In ta kuskure, sai ka wayi gari firinta ta daina amsawa, ko wata manhaja ta ƙi buɗewa, ba ka ma san daga ina matsalar ta faro ba. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Microsoft da kansa ya taɓa fitar da irinta mai suna RegClean, daga baya ya janye ta, yanzu kuma ya faɗa ƙarara cewa ba ya goyon bayan amfani da su, kuma ɓarnarsu na iya sa a sake ɗora Windows gaba ɗaya. Ko CCleaner, wadda ta fi shahara, a 2017 masu kutse sun cusa mugun shiri a sigarta ta 5.33, ya shiga kwamfutoci sama da miliyan 2. An gyara, kuma ɓangarenta na share tarkacen fayiloli yana aiki. Amma duk manhajar da ka ba izinin shiga ko'ina, ka ƙara ƙofa ne a gidanka.

Abin da ke sa sabuwar kwamfuta nauyi, galibi kayan da kamfani ya cusa mata ne: rigakafin bairos na gwaji, wasanni, manhajojin da ke tashi tare da ita duk lokacin da ka kunna. Maganinsu yana cikin Windows, kyauta. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga jerin masu tashi da farko, ka kashe waɗanda ba ka buƙata. Ka cire abin da ba ka so daga Settings, ka kunna Storage Sense ya riƙa kwashe shara da kansa. A kwanakin farko ma ka yi mata uzuri, sabuntawa take saukewa.

In wata manhaja ta kafe ta ƙi fita, nan ne kaɗai taɓa rajista ke da dalili. Ko a nan, nemi manhajar cirewa ta kamfanin da ya yi ta, irin wadda masu rigakafin bairos McAfee da Norton ke bayarwa, kuma ka ajiye madogara a System Restore, wanda ke mayar da saitunan Windows yadda suke in an samu matsala, kafin ka fara.

Idan kuwa lallai sai ka kashe kuɗi, duba RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe ayyukan da take kan yi. Windows 11 yana tashi da 4GB, amma da ƙyar yake numfashi, 8GB ko 16GB ne za ka ji bambanci. Ka dai bincika ko ta taka ana iya ƙarawa, don a wasu ƙananan kwamfutocin cinya liƙe take da allon ciki.