Tafadek ko Wikki: wanne ya dace da mai ciwon gaɓoɓi?

Malam, kun tambaya ko Tafadek za ku kai Hajiya saboda ciwon gwiwa, ko kuwa Wikki ta Yankari da aka ba ku labari. Na shiga ruwan wuraren biyu, kuma a ganina ba aikinsu ɗaya ba.

Tafadek tana cikin duwatsun Ayar, wajen kilomita 80 arewa da Agadas. Ruwanta daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa da zafin da ya kai kusan digiri 50, yana ɗauke da farar wuta, shi ya sa mutum yakan ji ɗan wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. An gina ɗaki a kan kwarmin wankan, maza da mata kuma bi da bi suke shiga. Ranar da na fara tsoma ƙafa sai da na janye ta da sauri, wani dattijo Ba'abzine ya nuna mini yadda ake fara watsa ruwan a jiki kafin a zauna a ciki. Masu sanyin ƙashi da ƙaiƙayin fata sukan yi kwanaki a can, kuma lallai zafin yana sassauta jijiyoyi, ciwo ya lafa, ko da yake ba ya mayar da gaɓar da ta riga ta cinye. Hajiya ta cire zoben azurfa kafin ta shiga, domin farar wuta tana baƙanta azurfa.

Wikki kuwa, a jihar Bauci, ruwa ne garai-garai mai ɗumin digiri 31 dare da rana, ba wari, ana hango yashin ƙasansa. Wurin iyo ne da hutawa, ga ɗakunan kwana, ga giwaye a dawa, ga gwaguna masu wawure abincin baƙi. Ɗuminsa bai ma kai na jikin ɗan Adam ba, saboda haka kada a sa ran zai gasa gwiwa.

Idan gashin jiki ake nema, Tafadek ce, amma wahalarta ta fi yawa. Daga Maraɗi sai an bi ta Tawa ko ta Damagaram a isa Agadas, sannan a nemi mota mai ƙarfi, a ɗauki guzuri da shimfiɗa da bargo, a kuma tuntuɓi hukuma game da tsaron hanya. A tafi da hunturu, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, don da damina koramu sukan datse hanya. Yankari kuwa ana bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina, Kano, Bauci, da takardun ƙetare iyaka.

Abin da ya fi damuna shi ne shekarun Hajiya. Ruwa mai zafi haka yana buɗe hanyoyin jini, jiri ya ɗebi mutum lokacin miƙewa. Idan tana da hawan jini, ciwon zuciya ko ciwon suga, ku fara kai ta wurin likita a nan Maraɗi. In ya amince, kada ta wuce minti 10 a ciki, ta sha ruwa sosai, kuma wata 'yarta ta tsaya kusa ta riƙe mata hannu wajen fitowa.