Tuwon Hajiya 'yar Kumasi a Bronx

Shekara 14 ke nan ina jan tasi a New York, amma sai bana na shiga wannan shagon abinci da ke kusa da titin Grand Concourse a unguwar Bronx. Kowa gidan Hajiya yake ce masa. Tebur huɗu ne kacal, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci kuwa sai dai ka ci a tsaye.

Hajiyar 'yar zangon Kumasi ce, jikar fataken goro, girkinta kuma na Gana ne. Tuwon zafinta ya fi namu na Kano laushi nesa ba kusa ba, don tana haɗa garin masara da na rogo. Miyar da suke kira ayoyo, lalo ce dai tamu. Ta yi daɗi, sai dai daddawa ta yi kaɗan, mai kuma ya yi yawa har yana iyo. Wake da shinkafarta ba ni da ta cewa: an dafa da karan dafi ta yi jawur, ga taliya, ga gari, ga dafaffen ƙwai, ga wani baƙin yaji mai suna shito da ya sa ni neman ruwa ba shiri. Kokon safe da ƙosai ma ya ji citta da kanumfari. Ka je da kuɗi a hannu, ba sa karɓar kati.

Abin da ya sa nake komawa daban ne. 'Yar autata a nan aka haife ta, shekararta 11. Da muka je Kano hutu ta ce wa kakarta "Inna ya dawo", 'yan uwa suka yi ta dariya suna kiranta Ba'amurkiya. Tun daga ranar ta kulle bakinta. Ka yi mata Hausa, ta mayar maka da Turanci.

Muna zaune da ita a shagon sai Hajiya ta leƙo daga madafa, ludayi a hannu, ta dube ni ta ce, "Alhaji, yarinyan ya ƙoshi?" Hausar zango ke nan, ba ruwanta da raba mace da namiji. Yarinya ta ɗago kai, ta zura ido tana jiran a yi wa tsohuwa dariya. Babu wanda ya ko motsa, kowa na ta loma. Can ƙasa-ƙasa na ji ta ce, "Hajiya, a ƙara mini miya." Saura kaɗan in ƙware.

Yanzu duk Asabar ita ke tashina. Ta koyo kalmomin Gana da ni kaina ban sani ba, uwarta na ta mitar za a lalata mata Hausa. Na ce ai sai da akwai abu ake lalata shi. Makon jiya na kai wa Hajiya ƙullin daddawar da aka aiko mini daga Kano, ta sansana, ta ce tata ta fi.