Gwanjon eBay: sa iyakar kuɗi ka tafi, ko zaman ƙara tayi da hannu?

Ɗan uwa, in gwanjo ka shiga a eBay, wato shafin saye da sayarwa na intanet, sa iyakar kuɗinka kawai ka je ka kwanta abinka.

Da haka na sayi laftop ɗin da nake aiki da ita yanzu, ThinkPad ce ta hannu daga Amurka, wallahi har yau ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Gwanjon zai rufe ne da tsakar dare a agogonmu na Kano, ni kuma ga fita aiki da safe, sai na rubuta ƙarshen abin da zan iya biya na kashe data. Bayan sallar asuba na duba na tarar ta zama tawa, kuma kuɗin bai ma kai abin da na rubuta ba.

Abin da da yawa ba su gane ba, adadin da ka rubuta a ɓoye yake, ko mai kayan ba ya ganinsa. Kamar ka tura dillali kara ne ka ce masa kar ka wuce kaza. A ce kaya yana dala 100 ka sa 200, wani ya zo ya taya 150, nan take na'ura za ta ɗaga naka zuwa 152.50, don daga dala 100 zuwa 249.99 ƙarin dala 2.50 ne a eBay, daga 25 zuwa 99.99 kuma dala 1. In ba wanda ya sake zuwa to 152.50 ɗin za ka biya, sauran yana aljihunka. In wani ya sa 200 daidai da naka, kai ne da kaya tunda ka riga shi. Shi ya sa nake son a ɗan sa tsini a kai, kamar 203.60, don yawanci mutane a cikakken adadi suke tsayawa.

Tayi da hannu kuwa, to, yana da rana in za ka iya jiran daƙiƙun ƙarshe kuma netwok ɗinka ba ya yankewa, amma yawanci zuciya ce ke ɗibar mutum ya wuce kasafinsa don kar a kayar da shi.

Sai dai ka kula da maha'intan masu saidawa. Wani zai buɗe akawun na biyu ko ya sa abokinsa ya riƙa ƙara tayi kaɗan-kaɗan har ya tura naka ƙurewa. eBay ta haramta wannan amma ana yi. Duba tarihin tayin, in ka ga sabon akawun da bai taɓa sayen komai ba yana bin kayan mutum ɗaya yana tayawa yana janyewa, bar musu kayansu. Haka in ka faɗi aka turo maka saƙo wai wanda ya ci ya fasa, ka turo kuɗi ta bayan fage a ba ka, kar ka tura ko sisi.

Kuma kafin ka rubuta iyakar nan, fara cire kuɗin jigila da na kwastan, don in ka ci tayin ya zama dole ka biya.