TI-84 Plus CE ko Casio fx-CG50, wacce ta fi in gem kake son rubutawa?

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka tun jiya da daddare, ka ce yayanka zai dawo daga Amurka ya ce ka zaɓi kalkuleta ɗaya ya taho maka da ita, kai kuma ba lissafi kaɗai ne a ranka ba, so kake ka riƙa rubuta ƴan gem a kanta, shi ne ka tsaya tsakanin TI-84 Plus CE da Casio fx-CG50. To duka biyun sun ratsa hannuna, TI ɗin tawa ce, Casion kuma aro na yi wajen abokina ta daɗe a wurina har sai da ya fara turo min saƙo wai ina amanarsa, don haka abin da na gani da idona zan faɗa maka.

In ƙarfin inji ake magana Casio ta wuce, ba ma kusa ba. Ita TI ta fito 2015, furosesanta eZ80 ne mai gudun 48 MHz, jikan Z80 ɗin nan na zamanin da, sikirin 320 da 240, memorin aiki da aka bar maka 154 KB sai ma'ajiya wajen 3 MB. Casio ta fito 2017, furosesanta SH4 ne ya haura 100 MHz, sikirin 384 da 216, ma'ajiya kuwa 16 MB. TI tana da batirin caji, siririya ce tana shiga aljihun kaftani ba tare da an lura ba, Casio kuma batir AAA huɗu take ci, ta ɗan yi ƙiba. Ni dai a yanayin wutarmu AAA ɗin nan bai min zafi ba, kwana uku ba wuta ka leƙa shagon unguwa ka sayo ka ci gaba.

Amma ba nan za ka fara ba, da BASIC, yaren furogiram mai sauƙi da ke cikin kalkuletar, za ka fara, kuma a nan gaskiya TI ta fi daɗin hannu. TI-BASIC a kan kalkuletar kake rubutawa, ba kwamfuta ba kebul, kana kwance a tabarma ma yi kake. Allon rubutunta layi 10 ne gurbi 26, ka sa Output ka ba shi layi da gurbi ya ajiye maka harafi a wurin, ka sa getKey ya gaya maka bottin da aka danna, hagu 24, sama 25, dama 26, ƙasa 34, lambobin nan har yau suna kaina kamar lambar wayar gida. Gem ɗina na farko maciji ne, harafin O yana bin alamar tauraro yana ci yana tsawo. Da ya kai gaɓa ashirin sai ya koma tafiyar hawainiya saboda ina goge sikirin gaba ɗaya ina sake zana shi duk taku, ido har ruwa yake. Ranar da na gane cewa wutsiya kawai zan goge in zana sabon kai, sauran jikin in bar shi yadda yake, wallahi ranar na ji na zama furogirama. Casio ma tana da nata BASIC ɗin, Locate da Getkey, allo gurbi 21 layi 7, sai dai ita gurbi take fara karɓa kafin layi, in ka saba da TI sai ka yi ta juya su kana mamakin me ya sa abu ya fita gefe. Kuma abin haushi duk ƙarfin injin nan BASIC ɗinta na asali nawa gare shi wajen zane. Maganinsa wani add-in ne, wato ƙarin manhaja da ake saka wa kalkuletar, da masu sha'awa suka rubuta, C.Basic, ka saka shi furogiram ɗinka ɗaya ya tashi da gudu kamar an sake shi daga mari.

Yaren Python kuma kar ka ɗora buri a kai sosai. TI mai Python daban ake sayar da ita, sai ka ga an rubuta a jiki, kuma wani ɗan ƙaramin cif ne na daban a ciki yake gudanar da shi yana miƙa wa babban, zane a hankali yake fita. Casio MicroPython gare ta, akwai casioplot na ɗiga piksel da rubutu, ya fi sauri, amma na asalin ba shi da hanyar karanta bottin yayin da gem ke tafiya, gem kuma ba bottin ai kallo ne. Sai ka nemi add-in ɗin PythonExtra, shi ma aikin ƴan sa-kai ne.

Inda maganar take shi ne yaren C, don duk gem ɗin da ka gani a bidiyo yana sulɓi kamar na waya da C ko asembili, yaren da ke magana da furosesa kai tsaye, aka rubuta shi. A 2020 kamfanin TI ya fitar da afdet ya cire damar gudanar da irin waɗannan furogiram ɗin, dalilinsu satar jarrabawa, ana amfani da su a zagaye makullin da malamai ke sa wa kalkuleta a ɗakin jarrabawa. Ba a rufe shekarar ba aka fito da arTIfiCE, wata dabara da ta bi ta cikin manhajar Cabri Jr ta buɗe ƙofar baya, daga nan ka saka wata manhaja mai suna Cesium ka riƙa kunna gem ɗinka daga ciki. Yana aiki, amma zaman ɗar-ɗar ne, wacce yayanka zai sayo sabuwa ce a kwali da sabon OS, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kalkuletar, dole ka duba lambar sigar ka tabbatar dabarar na tafiya da ita, kuma in ka yi afdet komawa baya ba abu ne mai sauƙi ba. Ita kuwa fx-CG50 ka jona ta da kebul kwamfuta ta gan ta kamar filas, ka jefa fayil mai ƙarshen g3a a ciki ka cire, hotonsa ya bayyana a menu kusa da na kamfani. Shi ke nan fa. Ba TI Connect, manhajar da ake tura wa TI fayil da ita daga kwamfuta, ba roƙo. Karon farko da na yi sai da na sake dubawa ko akwai matakin da na tsallake.

To amma kar in yi wa TI rashin adalci, jama'arta sun fi yawa kuma da Turanci suke magana. Shafin Ticalc.org tun 1996 ake tara furogiram a can, ga dandalin Cemetech, ga kayan aikin C nasu da suka zo da laburaren zane mai suna graphx, bayaninsa a tsare da misalai, ka buɗe misalin sprite, wato ɗan hoton da ke motsi a gem, ka canza hoto ka ga abinka na motsi cikin awa ɗaya. Launi 256 yake amfani da su don sikirin ɗaya ya ci bayit 76,800, biyu su shiga memorin hoto, kana zana ɗaya a ɓoye ana nuna ɗayan, ƙyaftawar nan ta macijina ta tafi kenan. Ga CEmu, manhajar da ke kwaikwayon kalkuletar, da za ka gwada komai a kwamfuta kafin ka tura. Wannan na ƙarshe ka riƙe shi da kyau, don ni na taɓa tura kod ɗin da na yi kuskuren foyinta, wato mai nuna adireshi a memori, a ciki, kalkuleta ta ɗauke ta dawo ta ce RAM Cleared, wato memorin aiki ya goge, gem ɗin BASIC da na yi sati biyu ina bugawa da yatsa ya tafi saboda ban ajiye shi a ma'ajiyarta ta Archive ba, ba wanda zan zarga sai kaina. Ɓangaren Casio kuwa zuciyar abin a Faransa take, dandalin Planète Casio, can ma sunan kalkuletar Graph 90+E. Kayan aikinsu fxSDK da gint suna da kyau ƙwarai amma a Linux suka fi zama lafiya, in Windows kake sai ka ɗan sha fama wajen saiti, rabin amsoshin da za ka samu kuma da Faransanci. Ƴan'uwanmu na Maradi da Damagaram da ke cikin guruf ɗin nan su kam gaba ta kai su.

Ni in kuɗina ne yau Casio zan ɗauka, saboda ba na son abin da na saya in riƙa shiga ta taga, kuma yawanci ta fi arha. Amma kai ka ce ba ka taɓa rubuta C ba, laftof ɗinka ma Windows ce, to in ka san kai mai saurin karaya ne in saiti ya ƙi, ɗauki TI ka yi wata shida a BASIC, duk inda ka maƙale wani ya riga ka maƙalewa ya rubuta mafita. In Casion ka zaɓa ka tura wa yayanka hoton ta da sunan a rubuce, fx-CG50, don akwai sabuwa fx-CG100 da ba ta zo da damar saka add-in ba, kar mai shago ya ce masa ai wannan ce ta fi sabunta ya naɗo maka ita.