Hattara da masu tallan shandaliya mai araha a WhatsApp da Instagram

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Legas, musamman masu gini ko gyaran gida a Agege, Idi-Araba da Mile 12. Wasu sun ɓullo da hanyar cin kuɗin jama'a da sunan fitilun silin, irin manyan nan masu reto da ake kira shandaliya. Abin da ya fi ƙona min rai, da Hausa suke yaudarar mutanenmu, har da "Haba Alhaji, ai mu 'yan gida ne."

Hotunan da suke turowa ba nasu ba ne, daga manyan shagunan Lekki da Victoria Island suke ɗaukowa. Sai su ce kaya ne suka daɗe a tashar Apapa, an yi gwanjonsu, shi ya sa suke bayarwa rabin kuɗi. Ka ce za ka zo ka gani, a ce sito yana da nisa, ko mai makulli ya yi tafiya, amma ka tura kafin alƙalami yau don wani na jira. Sunan da ke kan asusun bankin daban, sunan shagon daban. Kuɗi na shiga, ko dai a toshe lambarka, ko ɗan acaɓa ya kawo maka kwali a naɗe ya wuce kafin ka buɗe.

Na ga irin wannan kwalin a gidan wani maƙwabcina. Abin da aka ce masa gilashi ne, roba ce fayau. Ƙarfen kuwa gwangwani ne da aka fesa wa ruwan gwal. Mafi haɗari shi ne ɗan akwatin da ke daidaita wuta, wanda masu wayarin ke kira direba: ba nauyi, wayoyinsa sirara, ba a rubuta komai a jikinsa ba. Wutarmu ta Najeriya 230V ce, kuma kowa ya san yadda take hawa da sauka, ga sauyi tsakanin NEPA da janareta. Irin wannan direban zafi yake ɗauka a cikin silin inda ido ba ya gani, a gidan da yara ke kwana.

An ce araha ba ta ado, amma a harkar fitila akwai araha ta halal. Ƙananan fitilun LED da ake binnewa cikin silin filasta, wato POP, da doguwar igiyar haske da ake ɓoyewa a gefen silin, suna fito da falo tsaf ba tare da shandaliya ba, kuma ba su shan wuta sosai. Mai son haske mai ɗan ruwan ɗorawa ya nemi fitilar da lambar launin haskenta 3000K ce, mai son fari tas 6500K.

Ku je kasuwar Alaba International da ke Ojo da ƙafarku, tare da mai wayarin ɗinku. A jona fitilar a gabanku, a bar ta ta jima, ku taɓa direban. Ku duba an rubuta 220–240V, don akwai kayan Amurka na 120V da ke ƙonewa nan take. Ku karɓi rasit mai lambar shago, sannan ku biya.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya garzaya bankinsa a ranar, kada ya goge hirar ko shaidar turawa, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke Ikoyi. Don Allah a tura wannan zuwa guruf ɗin unguwa da na masallaci, musamman ga iyaye mata masu haɗa kayan ɗakin amare.